Haƙorin da Ya Daina Ciwo: Yadda Jakar Ruwa Ke Girma a Cikin Muƙamuƙi

A ƙauye irin Dangoma da ke Ƙaramar Hukumar Kalgo a Jihar Kebbi, kamar dai sauran ƙasar Hausa, idan haƙori ya dami mutum sai a cusa kanumfari a kogon, ko a sayo ƙwayar rage zafi. Bayan kwanaki ciwon ya lafa, sai a ce an warke. Kanumfari kam yana da wani mai da ke kashe zafi, har likitocin haƙori suna amfani da shi. Amma sau da yawa lafawar nan alama ce ta cewa haƙorin ya mutu, kuma a gindin mataccen haƙori ne wata jakar ruwa kan tsiro ta riƙa cin ƙashi a ɓoye. Likitoci na kiranta radikula sist, daga wata kalmar Latin mai nufin ƙaramar saiwa, kuma ita ce ta fi kowace jakar ruwa yawa a muƙamuƙin ɗan Adam.

Mafarin al'amarin

Haƙori ba dutse ba ne. A tsakiyarsa akwai ɓargo mai jijiyoyin jini da na ji, waɗanda ke shigowa ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. Ƙwayoyin cuta na baktiriya kan sarrafa sukarin da ya maƙale a baki, na alewa ko rake ko lemon kwalba, su fitar da sinadari mai tsami da ke zaizaye haƙori har kogo ya kai ga ɓargo. A nan ne ake kwana ba barci. Idan ɓargon ya ruɓe ya mutu, babu sauran jijiyar da za ta kai ƙara ga ƙwaƙwalwa. Buguwa ma takan kashe ɓargo ko da babu kogo, alal misali faɗuwa daga kabu-kabu ko naushi a fagen dambe. Wannan na cikin dalilan da suka sa jakar ta fi fitowa a haƙoran gaba na sama.

Daga nan dafin ƙwayoyin cutar ya riƙa tsiyaya ta ƙofar saiwa zuwa cikin ƙashi. Jiki ya aiko da dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, su taru su yi wani ɗan curin nama da ake kira giranuloma.

To ina jaka ta samo tantaninta a tsakiyar ƙashi? Amsar tana cikin yadda aka gina haƙorin tun farko. Lokacin da saiwa ke tsirowa, wani kube na ƙwayoyin halitta irin na fatar baki ne ke tsara siffarta. Oskar Hertwig, masani Bajamushe, ya bayyana shi a 1874. Idan aiki ya ƙare sai kuben ya wargaje, amma ɓurɓushinsa ya saura a gefen saiwa har tsufa. Bafaranshe Luwi Malase ya yi bayanin wannan ɓurɓushi wajejen 1885, kuma da sunansa ake kiransa. Kowannenmu na ɗauke da shi, yana kwance bai damu kowa ba. Kumburin nan ne ke tashe shi, ƙwayoyin su hau rarrabuwa har su yi dunƙule. Na tsakiya su yi nisa da jini su mutu su narke, na gefe su zama bango. Jaka ta samu ke nan.

Ɗalibin da ya karanta osmosis zai gane abin da ke biyo baya. Matattun ƙwayoyin da ke zubewa a ciki suna sa ruwan jakar ya fi na kewaye kauri, saboda haka ruwa ya riƙa ratsa bango yana shiga. A lokaci guda bangon na fitar da sinadaran da ke zuga ƙwayoyin da aikinsu shi ne narkar da ƙashi. Ina ganin malaman bayoloji za su yi dace idan suka kawo wannan misali a aji bayan gwajin dankali da ruwan gishiri.

Alamomi

Jakar kan yi watanni ko shekaru ba ciwo. Haƙorin kan dushe ya yi duhu, ba ya jin sanyi ko zafi. Daga baya kumburi mai tauri ya bayyana a dasashi. Idan ƙashin ya yi siriri, a danna shi sai a ji yana ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai, in kuwa ya huje sai wurin ya yi taushi. Wani lokaci mugunya kan sami hanya ta riƙa fita ta wani ɗan ƙurji a dasashi, ya fashe ya koma. An fi ganin cutar ga manya, daga shekara 20 zuwa 50. A hoton ƙashi tana fitowa kamar baƙin da'ira mai farin layi a gefe, manne da ƙarshen saiwa.

Abin da madubin likita ke nunawa

Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A 1996 Nair da abokan aikinsa a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun yayyanka curi 256 da aka samu a gindin haƙoran da aka cire. Kashi 15 cikin ɗari ne kawai suka zama jakar ruwa, rabi kuwa giranuloma ne, saura tarin mugunya.

A ƙarƙashin madubi jakar hawa uku ce. A tsakiya akwai ruwa mai launin rawaya-rawaya, wanda kan yi ƙyalli saboda ƙananan duwatsun kolestarol da ke yawo a ciki. Sai shimfiɗar ƙwayoyin halitta jere bisa jere, irin ta cikin kunci. Sai bangon waje na zaruruwa, cike da fararen ƙwayoyin jini. Abin sha'awa, mai dubawa ba ya ganin kolestarol ɗin kansa, domin sinadaran gyara nama sun narkar da shi, sai dai gurabensa masu siffar allura. A kusan ɗaya cikin goma kuma akan ga wasu 'yan lanƙwasassun abubuwa masu sheƙi, waɗanda ake kira da sunan Rushton, likitan Ingila da ya yi bayaninsu a 1955.

Wannan bincike ba ƙawa ba ne. Wani ƙari mai suna amelobilastoma, wanda likitocin Nijeriya ke yawan gani a muƙamuƙin ƙasa, yakan yi kama da jakar ruwa a hoto alhali aikinsa ya fi girma nesa ba kusa ba. Don haka duk abin da aka ciro daga muƙamuƙi ya kamata ya je ɗakin gwaji.

Magani

Idan jakar ƙarama ce, likita kan huda haƙorin ya kwashe ruɓaɓɓen ɓargo, ya wanke ramin ya toshe. Da dafi ya yanke, sau da yawa ƙashi kan cike da kansa. Babba kuwa sai an yi tiyata an ɓare ta ɗungurungum, ko a buɗe mata taga ta riƙa tsiyayewa har ta tsuke. Cire haƙori a wurin wanzami ko mai yawo da filaya a kasuwa bai wadatar ba, domin jakar kan saura a ƙashi ta ci gaba da girma a wurin da babu haƙori, kuma tsaga kumburin da aska ƙarin ƙwayoyin cuta kawai yake kaiwa ciki. Mutumin Dangoma ko Kalgo da haƙorinsa ya dushe yana iya zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi a duba shi, idan kuma aikin babba ne akwai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.