Yadda Ake Gane Siffar Duwatsun Sararin Samaniya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi bayani a kan waɗansu manyan duwatsu da ke kewaya rana kamar yadda duniyarmu ke yi. Turawa na kiransu astaroyid. Galibinsu suna can nesa ƙwarai, amma akwai waɗanda hanyarsu kan biyo kusa da mu, su ne kuwa abin sa wa ido. Ko da madubin hangen nesa mai ƙarfi aka duba su, ɗigon haske kaɗai a kan gani.

To, a nan ne na'urar rada ta yi rana. Kada dai a haɗa ta da raɗa irin ta bayan an kashe fitila a ɗakin kwana! Aikinta kamar mutum ne ya yi kira a bakin rijiya, amsa-kuwwa ta dawo masa. Wani makeken faranti, kamar na Goldstone a Amurka mai faɗin mita 70, shi ke cilla igiyar rediyo ta bugi dutsen ta komo. Igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, watau idan amsa ta dawo bayan daƙiƙa 10, dutsen yana nisan kilomita 1,500,000 ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake fitar da siffar. Tudun da ya fi kusa da mu amsarsa kan riga ta kwari isowa. Sa'an nan tun da dutsen yana juyawa, amsar gefen da ke tahowa ta sha bamban da ta gefen da ke komawa, kamar yadda ƙarar mota kan sake bayan ta wuce ka. Da haka aka gane a 1992 cewa dutsen Toutatis dogo ne mai kai biyu, kamar kwanson gyaɗa. A 2012 kumbon ƙasar Sin ya je kusa ya ɗauki hotonsa, sai ga shi kusan yadda aka zana.

Sai dai rada ba ta jure nisa. In nisan ya ninka biyu, ƙarfin amsar ya ragu sau 16. Ga shi kuma babban farantin Arecibo, mai faɗin mita 305, ya rushe a Disamba 2020. A ganina wannan babbar hasara ce.

Dutsen Apophis, mai faɗin kimanin mita 340, ya tayar da hankalin masana tun da aka gano shi a 2004, don ana tsoron wata rana ya faɗo mana. Awon rada na Maris 2021 ne ya tabbatar ba zai taɓa duniya ba cikin shekara 100 masu zuwa. Ranar Juma'a, 13 ga Afrilu 2029, zai gitta a nisan kilomita 32,000, har mu da ke Afirka za mu iya hango shi da ido in sama ta yi garau.