Yadda Ƙwaƙwalwar Yaro Take Ginuwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma galibinsu tun jariri yana ciki suke samuwa. Kowace ƙwaya tana miƙa rassa domin ta sadu da 'yan'uwanta, ta haka ne gani da ji da magana suke kafuwa. Amma rassan ba sa tsirowa sai da taimakon waɗansu sinadarai da jiki yake yi da kansa, watau sinadaran girma.

A farkon shekarun 1950 wata masaniya 'yar ƙasar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ta gano na farko a cikinsu, wanda ake kira NGF, lokacin da take bincike a kan 'yan tsakin da ke cikin ƙwai. Ita da Stanley Cohen suka sami lambar yabo ta Nobel a 1986. A 1982 kuma aka gano wani a Jamus, mai suna BDNF. Bincike ya nuna cewa ƙwayar da ta sami sinadarin tana rayuwa ta yi rassa, wadda ta rasa kuwa takan mutu.

To, mene ne rabon iyaye a nan? Akwai sinadari na uku, IGF-1, wanda hanta ce ta fi yin sa, kuma yana raguwa ƙwarai idan yaro bai sami abinci mai gina jiki ba. Ga misali: Potiskum ta Jihar Yobe ta shahara da kasuwar shanu, amma abin takaici ne a ce a yankin da ke da nono da wake da gyada a yaye yaro da kunu zalla.

Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2. Saboda haka mai ciki ta ci ta ƙoshi, a kuma yi girki da gishiri mai aidin. A shayar da jariri nonon uwa kaɗai har wata 6, sa'an nan a ƙara masa ƙwai da wake da gyada. A riƙa yi masa magana da wasa, domin ƙwayar da take aiki ita ce take ƙara fitar da BDNF.

Ya ku iyaye, abin da ya kuɓuce a waɗannan kwanaki yana da wuyar mayarwa. Lalle icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.