Darasin Magina: Kafa Rodi Da Gam A Jikin Kankare

Maigatari tana kan iyakar Nijeriya da Nijar. Akwai Yankin Ciniki Maras Shinge a can, ga kuma babbar kasuwar dabbobi mai ci ranar Alhamis. Wurin ciniki ba ya rabuwa da ginin rumfuna da sito. Don haka wannan darasi zai amfani maginan Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Wani lokaci akan so a ƙara rodi a jikin kankaren da aka riga aka zuba. Sai a huda rami, a zuba gam na musamman, a cusa rodin. Gam ɗin nan shi ke riƙe ƙarfe da kankare.

Illar Ruwa

Ɗanyen kankare yana ɗauke da ruwa a cikinsa. Da damina kuma ruwan sama yakan cika rami. Idan ruwa ya haɗu da ƙurar huji sai ya zama taɓo. Gam zai kama taɓon, ba kankaren ba. A ido rodi ya zauna daram. Amma da an ɗora masa nauyi sai ya zare, rufi ya faɗo kan mutane da kaya.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. A jira. Kankare yakan kai ƙarfin da ake bukata bayan kwana 28. Ƙa'idar gini ta Amurka ta hana kafa rodi da gam kafin kwana 21.
2. A busa ƙurar rami, a goge da buroshi, a sake busawa.
3. A tsane ruwa, a bar rami ya bushe.
4. Idan dole ne a yi aiki a jiƙaƙƙen rami, a nemi gam wanda aka yi don haka. A karanta rubutun jikin kwalinsa.
5. Kada a ɗora nauyi sai gam ya gama daskarewa.

Zaɓen gam ma ba abin wasa ba ne. A shekarar 2006, a birnin Boston na Amurka, rufin kankare na wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ya faɗo kan mota, mace ɗaya ta rasu. Bincike ya nuna gam ɗin da aka sa ba mai jure nauyi na tsawon lokaci ba ne.

Tambayoyi

1. Me ruwa yake yi wa gam a cikin rami?
2. Kwana nawa ya kamata a jira?