Buroshi Ya Fi Rana Cin Daɓen Jirgi

Watan jiya aka kira ni in duba daɓen katakon tik na wani jirgin ruwa na shaƙatawa a Legas, ƙirar Taiwan ta wajejen 1980. Mai jirgin ya tarbe ni da cewa, "Malam kafinta, samfefa kawai za ka bi shi da ita, ya dawo kamar sabo." Ban tanka ba. Na nemi bokitin ruwa na sheƙa a kan daɓen, muka koma inuwa. Kafin rabin awa ko'ina ya bushe, ban da wasu layuka a gefen baƙin danƙon da ke tsakanin katakan, suna nan sharkaf. Duk inda ka ga haka, danƙo ya saki, ruwa ya samu ƙofa.

Katakon tik da mansa a jikinsa, shi ya sa ruwan gishiri ba ya ruɓar da shi da wuri. In ya sha rana sai ya koma ruwan toka, kuma wannan launi ba cuta ba ne, fatarsa ce. Abin da ke gama da shi tsabta ce marar kan gado. Jijiyar tik iri biyu ce, mai tauri da mai laushi. Yaron jirgi, don ya burge maigida, sai ya ɗauki buroshi mai ƙarfi ya riƙa dirza ta tsawon katakon, ya kwashe mai laushin, ya bar kwari-kwari kamar kunyar gona. Wani ma injin feshin wankin mota yake kawowa, wanda ni a wurina gara ka sa masa gatari. Daga nan sai a ce ya yi kaushi, a kira mai samfefa ya ƙara cinye wani. Daɓen nan an shimfiɗa shi da kaurin milimita 12. Da na auna a bakin ƙofar ɗaki, 6 na samu.

Babbar ɓarnar tana ƙasa. A zamanin da aka ƙera jirgin da sukuru ake ɗaure kowane katako, dubbansu, a rufe kan kowanne da ɗan toshin katako. Sukurun ya huda faibar da ke ƙarƙashin katakon ya shiga ɓargon daɓen, wanda galibi itacen balsa ne ko falanki. Da katako ya siranta sai toshin ya fita, ruwa ya bi sukuru ya gangara. Na bi wurin da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri ƙas-ƙas yake amsawa, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum, kamar kankanar da ta wuce nuna. Kusa da tushen falwayar jirgin da na huda, baƙin ruwa mai wari ne ya biyo bakin ƙarfen hudawar.

In da sauran kauri kuma ƙasan lafiya, gyara na yiwuwa: a ƙwaƙule tsohon danƙo, a zurfafa ramin, a zuba sabo, a sake toshi. In babu, kuɗin samfefa asara ce. Sauya shi kuma ba sauƙi: sabon tik na ƙasar Bama ya yi wuyar samu tun da Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi a 2021. Namu na shuka da ake sarowa daga Ogun da Ondo ana kayar da shi da ƙuruciya, bai kai wancan mai da danƙon jijiya ba. Na roba kuma, a ranar Legas ba ka iya taka shi babu takalmi.

Shi dai mai jirgin ya ja tsaki, ya kwana biyu yana shawara, ya yarda muka ɓamɓare tik ɗin gaba ɗaya. Muka sauya ruɓaɓɓen ɓargon, muka cike kowane ramin sukuru da gam ɗin ifoksi, muka shafa fenti mai yashi-yashi don kada ƙafa ta zame. Tik ɗin wurin zaman matuƙi kaɗai muka bari, shi ma sai da na tsugunar da yaronsa na nuna masa: soso mai laushi, ruwan teku, a goga a gicciye.