Amsoshin Saƙonninku: Cacar Tanis a Tchibarakaten

Saƙonni sun taru, agogo kuma yana gudu, sai mu shiga kai tsaye.

Na farko daga Tchibarakaten ya fito, can kusa da iyakar Aljeriya. Wani ƙanenmu mai haƙar zinariya ya ce idan sun fito daga rijiya da dare, sukan taru wurin mai cajin waya, abokansa na zuba kuɗi a wasan tanis na ƙananan ƴan wasa. Wai an ce musu wanda ya san irin filin da yanayin garin ba ya faɗuwa. Yana tambaya ko haka ne.

To ƙanena, akwai gaskiya a ciki, bari in fara da ita. Filin jar ƙasa yana rage wa ƙwallo gudu, ya sa ya yi tsalle sama, don haka mai juriya ke jin daɗinsa. A irinsa ne Rafael Nadal ya ci kofin Roland Garros na Faransa sau 14. Fili mai tauri kuwa na mai zafin hannu ne. Idan rana ta ƙwalle ƙwallo yana ƙara gudu. Haka ma a gari mai tudu kamar Kigali ta Ruwanda, mai tsayin mita 1,500 bisa teku, inda ake buga gasar Challenger tun 2024. A Monastir ta Tunisiya, inda ake ƙananan gasanni kusan kowane mako, iskar teku kaɗai na iya lalata wa gwani bugun farko.

Amma ƙanena, kai da ke tsakiyar Sahara ka san wannan, kana zaton kamfanin cacar bai sani ba? Tun kafin ka buɗe waya sun zuba zafi da iska da fili cikin lissafinsu. Dubi lambar da suke sawa gaban suna. A ce ƴan wasa biyu ƙarfinsu ɗaya, kowa an ba shi 1.85. Kai ka sa jika 10 kan wannan, abokinka ya sa jika 10 kan wancan. An tara jika 20, wanda ya ci ya karɓi 18 da rabi. Ina jika ɗaya da rabi? Tana aljihun kamfani, ko wa ya ci. Ga kuma rezo: makin da kake gani a wayarka ya riga ya wuce, wani yana zaune a bakin filin ya gani da idonsa kafin ya iso gare ka.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A waɗannan ƙananan gasanni, wanda aka cire a zagayen farko abin da yake samu sau da yawa ba ya biyan jirgi da masauki. Sai wani ya zo ya ce masa, saki zagaye ɗaya ga kuɗi. Wani kwamitin bincike mai zaman kansa ya faɗa a 2018 cewa ɓarnar ta fi yawa a ƙananan gasanni. A 2021 hukumar ITIA mai sa ido kan tanis ta dakatar da ƴan wasan Maroko shida lokaci guda. Karim Hossam na Masar da Aymen Ikhlef na nan maƙwabciyarku Aljeriya, an hana su wasa har abada. A 2023 kotun Beljiyam ta ɗaure Grigor Sargsyan shekara biyar, mutumin da ya saye ƴan wasa fiye da 180. Wasan da aka gama cinikinsa a ɗakin otal, ina ruwansa da iska ko rana? Kai kuwa da igiya aka zura ka cikin rami, ka sha ƙura, ruwan sha ma sai ka saya daga tanka, kafin ka ga giram ɗaya. Wallahi ina jin ciwon kuɗin nan.

Saƙo na biyu, daga Arlit: wani ya ce in ba shi sunan wanda zai ci gobe. Haba jama'a! Kowane mako sai wannan tambaya ta dawo. Ba ni da shi, ban taɓa samunsa ba. Mai sayar muku da "tabbataccen sakamako" a WhatsApp ko Telegram, da yana da shi da bai nemi jikarku biyu ba.

Wani bawan Allah na tambaya ko cacar tanis ta fita daga hukuncin caca tunda akwai ilimi a ciki. Malamanmu sun ce caca caca ce, su kan kafa hujja da aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Sauran bayani, ka samu limaminku.

Sai wata baiwar Allah daga Damagaram. Ta ce ɗanta na Tchibarakaten, wata uku bai aiko ko dala ba, ta ji ƙishin-ƙishin wayar nan ce ke cinye shi. Inna, Allah ya ba ki haƙuri. Kada ki fara da faɗa ta waya, zai daina ɗauka. Ki nemi babban garinku da ke can, ko mai rijiyar da yake wa aiki, a riƙa cire rabonki ranar da aka raba, a aiko miki kafin kuɗin ya shiga hannunsa.

Ana ɗaga mini hannu daga ɗakin injuna, lokaci ya cika. Masu tambaya kan farashin giram, ku tare mu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.