Yaya Ake Ci a Wasan Go?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya ko cin darar Sinawa, wato Go, ɗaya ne da na darar gida.

To malam, da bambanci. A darar gida, wanda ya jera uku shi ke ci. A Go kuwa, kewaye dutse ake yi, a toshe duk gurabun da ke maƙwabtaka da shi, sannan a ɗauke. Gwani kan sadaukar da dutse ɗaya da gangan. Ana ci, sai ya sake ajiye wani a gurbin, ya kwashe duwatsun abokin karawa.

Masana kan tsara irin waɗannan tarkuna don horar da ɗalibai. A 1713, Inoue Dosetsu Inseki na Japan ya haɗa littafin Igo Hatsuyoron, wanda har yau ƙwararru ke gumi a kansa.