Ciwon gaɓɓai yana iya kai wa ga zuciya

Jama'a, a Adar mun san ciwon gaɓɓai. Akwai wani irinsa mai kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare. Da safe hannu yakan sandare, sai an jima yake saki. Ya fi kama mata.

Wannan ciwo yana iya taɓa zuciya. Zuciyarmu tana cikin wata jaka mai taushi. Ciwon yakan kumbura jakar. Idan kumburin yana tafiya yana dawowa, jakar takan yi kauri, ta ƙandare kamar busasshiyar salka. Sai ta matse zuciya, ta hana ta cika da jini.

Ga alamun da za mu lura da su:

1. Kumburin ƙafafu da ciki.
2. Haki bayan ɗan aiki kaɗan.
3. Jijiyoyin wuya su fito fili.
4. Yawan gajiya.

Tarin fuka ma yana kawo wannan cuta. A Afirka shi ne ya fi kawo ta. Maganinsa kyauta ne a Nijar, wata 6 ake shan sa.

Ƙaho da sakiya ba sa kai wa ga zuciya. Ƙwayoyin ƴan talla suna kwantar da zafi, cutar kuwa tana nan.

Ko muna Barmu, ko Takanamat, ko Kalfu, mu kai maras lafiya asibiti mafi kusa. Daga can za a iya tura shi babban asibitin Tawa, a duba zuciyarsa. Idan jakar ta riga ta ƙandare, aikin tiyata ne ke cire ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.